Na'Allah da Kwalba Mai Koren Murfi

Duk wanda ya saba bin titin Bodinga zuwa Shagari da sassafe ya san Na'Allah, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke tsayawa gaba da kowa a gindin dogon-yaron bakin titi, wurin da 'yan ƙwadago ke jiran motocin masu lambun albasa. Gemunsa baƙi ƙirin, irin baƙin da ko ɗan shekara talatin ba shi da shi. Kowa ya san rinin 'yan koli ne, amma ba wanda ya taɓa tanka masa, domin mutanen gindin bishiyar nan kowa da abin da yake ɓoyewa: wani ciwon baya, wani gwaiwa, wani kuma takardar difloma.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Sifawa, yau shekara sittin ba biyu. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gona tsakanin 'ya'ya goma sha ɗaya, rabon Na'Allah bai wuce wurin ɗaure akuya ba, ita ma sai an gajarta mata igiya. Ya bar wa yayansa, ya saɓa fartanya ya shiga ƙwadago yana ɗan shekara goma sha bakwai. Da damina noma, da kaka girbi, da rani lambu. Inda ya yi suna kuwa shi ne dashen albasa. In ya sunkuya a fangali, yatsa ɗaya na huda ƙasa, sauran na saka iri, kafin na kusa da shi ya gama layi ɗaya shi ya gama uku. Da wannan sunkuyon ya auri Inno, ya gina ɗaki biyu a Bodinga, ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya kai autarsa Khadija har kwalejin horon malamai a Sakkwato.

A da, kuɗin yini ɗaya na saya masa gero kwano uku, a samu ragowar gishiri da daddawa, har da na goron Inno. Yanzu takardun da ake damƙa masa da yamma sun fi na da yawa nesa ba kusa ba, aljihu ya yi ɓul-ɓul kamar na fatake, amma in ya je gaban ma'auni kwano ɗaya ne, wani lokacin ma sai an shafe masa kai. Masu rediyo suna kiran abin hauhawar farashi. Na'Allah ba ruwansa da sunan. Shi dai ya san bayansa na sunkuyawa daidai yadda ya saba, tukunya ce ta rage.

Ba tsada kaɗai ta same su ba. Tun da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, masu lambu da yawa suka kasa ciyar da injin ban ruwa, mai fangali ɗari ya koma hamsin, mai hamsin ya kulle ya bar wa ciyawa. Motocin da ke zuwa ɗibar 'yan ƙwadago suka ragu, su kuma masu jira suka ƙaru. 'Yan kabu-kabu da suka jingine babura, teloli da ɗinki ya ɗauke musu, malaman firamare a ranar Asabar, duk suka kwararo gindin dogon-yaro. Wurin da a da ba a cika mutum talatin, yanzu sai ka ƙirga ɗari da ɗoriya, yawancinsu samari masu ƙwanji da za su yarda da ko nawa aka yanka musu. Kullum mutum arba'in ko hamsin ke shiga mota, sauran su koma gida hannu rabbana.

A wannan tsakanin ne idon Na'Allah ya fara yin yana. Da farko kamar hayaƙin murhu, daga baya kamar wanda ke kallo ta cikin farin ƙyalle. Ya je asibiti a Sakkwato a ɓoye, aka ce aiki za a yi masa. Ya dawo ya shekara yana tattali, da ya koma ya tarar kuɗin aikin ya kusa ninkawa, bai ƙara komawa ba. Inno kaɗai ta sani. Tsoro ya shige shi, tsoron da ya fi na yunwa, domin ya san ranar da aka gane ba ya gani, ranar aka gama da shi a gindin bishiyar nan.

Sai ya koyi dabaru. Daga ƙofar gidansa zuwa titi taku ɗari uku da goma ne. Ya san kowace a-kori-kura da kukan injinta, ya san kowane mutum da muryarsa ko tarinsa. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne zaɓe, domin mai lambu ba ya kiran suna, daga cikin mota yake miƙo yatsa yana cewa, "Kai, kai, da kai." Na'Allah ba ya ganin yatsa. Shi ya sa yake rigan kowa zuwa ya tsaya gaba, da ya ji "kai" na farko sai ya taka ya kama ƙarfen mota kamar an haife shi a ciki. Shekara biyu yana haka, kullum gabansa na dukan uku-uku, ba a taɓa cewa ya sauka ba.

Khadija kuwa shekararta huɗu da gama karatu, takarda na cikin akwati tana shan ƙamshin turaren Inno. Bana ne ta samu aikin mako uku da wasu masu ƙidayar ma'aikata, aka ba ta waya mai tambayoyi a ciki. Ranar da ta dawo daga horo, bayan la'asar, ta tarar da uban a tsakar gida yana wasa lauje.

"Baba, zamna in gwada da kai," in ji ta. "Gida ukku na cikin abin ga. Na hwarko, mai aiki. Ko sa'a guda kay yi cikin kwana bakwai anka biya ka, kai mai aiki na."

"Sa'a guda?" Na'Allah ya yi dariya. "Ashe ƙasag ga babu marar aiki. Ko mai kora ma wani kaji sun ba shi muƙami."

"Na biyu, marar aiki. Shi na mai ƙarhi, yana so, yana hita nema, bai samu ba. Waɗanga biyu su aka lissahi da su, su aka ce ma ƙarhin ƙasa."

"Na ukku hwa?"

"Na ukku, waɗanda ba su cikin lissahi. Yara, da 'yan makaranta, da tsohhin da sunka zamna, da wanda jiki nai ya hana shi, da wanda yag gaji da nema yab bari."

"Su mi aka ce musu?"

"Ba a ce musu komi, Baba. Ba su cikin masu aiki, ba su cikin marasa aiki."

Ya ci gaba da goga lauje a kan dutse, yana murmushin da bai kai ciki ba. Shi da ya ɗauka rashin aiki ne ƙarshen faɗuwa, ashe akwai wani gida a ƙarƙashinsa, kuma da sunansa a ƙofar. Ranar bai ci tuwon kirki ba.

Lambun da ya fi yi wa aiki na Alhaji Zainulabidin ne, a fadamar Shagari kusa da madatsar ruwa. Alhaji mutum ne mai faɗa amma ba ya riƙe haƙƙin lebura, mai kula masa da lambun kuma wani magidanci ne, Kamilu, wanda shi ma takardarsa ta jami'a na cikin akwati. Da dashe ya ƙare, aiki ya yi ƙaranci, sai Na'Allah ya karɓi feshin magani, aikin da samari ke gudu saboda yana ƙona fata ya shaƙe ƙirji. Shi kuwa ya ga hanya ce ta tabbatar da kujerarsa a mota. Kullum Kamilu ke miƙo masa kwalba, shi ya auna da murfi ya zuba a tanki, ya goya, ya bi fangali yana jin iyakarsa da tafin ƙafa.

Wata Litinin injin ban ruwa ya ƙi tashi, Kamilu na can hannu dumu-dumu da baƙin mai, ya ɗaga murya ya ce, "Baba Na'Allah, maganin ƙwari na cikin bukka, mai koren murhi, ɗauko da kanka." Ya shiga bukka, duhu ya haɗu da duhun idonsa, ya laluba inda aka saba ajiyewa, hannunsa ya faɗa kan kwalba. Ya fito ya yi aikinsa. Fangali sittin ya fesa, tun hantsi har azahar, albasar da ta fara ɗaura kai, lawashinta ya kai tsawon kamu biyu.

Da ya gama ya koma bukka ya dire kwalbar, sai ya ji ta ƙwanƙwasa da wata. Ya kai hannu. Kwalba biyu ne, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Kafin ya janye hannu Kamilu ya shigo da buhu, ya kwashe su duka biyun zai kai wa Alhaji gida, yana cewa, "Mai koren murhi dai kad ɗauka ko? Guda na maganin ciyawa na, jiya niz zo da shi."

"Mai kore mana," in ji Na'Allah.

Bakinsa ne ya faɗa, shi bai san ya faɗa ba. Bai ga kore ba, bai ga ja ba. Ya san maganin ciyawar nan sarai, irin mai bin jijiya ne, ba ya nuna kansa sai an yi kwana biyar ko mako guda. Shuka za ta yi ta murmushi tana shan ruwa alhali ta riga ta mutu tun daga saiwa.

A mota kan hanyar dawowa samari na ta musun ƙwallo, shi yana sansana yatsunsa. Wari ne dai irin na magani, hancinsa ya ƙi raba masa gardama. Da ya isa gida ya ja Inno bayan rumbu ya faɗa mata. Ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Malam, ka yi kurum," in ji ta. "In ta mutu, ciwo na yak kashe ta, albasa na mutuwa kullum. In kuwa ka buɗe baki, mi za mu ci? Ɗiyag ga aikin mako ukku ta as samu."

Ya yi kurum ɗin, amma cikinsa bai yi ba. Talata ya koma lambu aka sa shi cirar ciyawa. Duk fangalin da ya shiga sai ya saci jiki ya shafa lawashi, yana neman laushin da ke zuwa kafin rawaya. Wani ya ji shi tsaye ƙyam, wani ya ji kamar ya langaɓe, sai zufa ta karyo masa a cikin sanyin safiya. Ba shi da ikon tambayar kowa, "Wane launi kake gani?" In Kamilu ya yi shiru, sai ya ce ya gano. In Kamilu ya yi dariya, sai ya ce da shi ake. Laraba wani lebura ya ƙwala kira daga ƙarshen lambu, Na'Allah ya ji fitsari na neman kuɓuce masa, ashe maciji mutumin ya gani.

Ya riƙa hango abin da zai biyo baya. Ya ga kansa a gaban alƙali, ana karanta fangali sittin. Ya ga an zo an auna ɗakunansa biyu, an ce ba su kai rabin hasarar ba. Ya ga Inno da tsufanta a gidan suruki. A sallar azahar ta Alhamis ya kasa tuna ko raka'a uku ya yi ko huɗu. Tuwo ya koma masa kamar ƙasa a baki, har Khadija ta tambayi uwar ko zazzaɓi ne ke damun Baba.

Ranar Juma'a da safe Alhaji Zainulabidin ya zo lambu da kansa, a-kori-kurarsa ɗauke da buhun takin zamani takwas. Yana tsaye ana saukewa yana mita, yadda ya saba. "Ku yi hankali da shi, ba ƙasa ta ba. Bajimai biyu nis saisuwa kahin in haɗa wanga taki. Bara guda ya isa, bana biyu sunka tahi har da ciko. In albasag ga ba ta yi ba, ni da ku duk mun zamna." Ya miƙa wa Na'Allah wuƙa. "Dattijo, kai ka iya watsi, hwarke muna."

Na'Allah ya riƙe wuƙa, ya dafa bakin buhu. Shiru zai yi, ya farke, a watsa shanun bawan Allah a kan albasar da watakila gawa ce. Ba wanda zai sani. In ta mutu ma Kamilu za a fara kamawa, shi da ya haɗa kwalabe wuri ɗaya, ga shi da mata da 'ya'ya uku. Ya ji maganar Inno a kunnensa, ya ji kuma wani tsoron da ya danne wancan, tsoron ranar da za a tsayar da shi gaban Allah a tambaye shi taki takwas da shanu biyu, inda babu rinin gemu. Ya saki wuƙar ta faɗi.

"Ranka shi daɗe, kada a watsa."

"Mi ya hwaru?"

"Heshin da niy yi ran Littinin, ban san ko wace kwalba ta nid ɗauka ba."

"Kamilu bai gaya ma mai kore ba?"

"Ya gaya min, Alhaji. Ni na ba ni gani."

Mutum goma sha biyu ne a wurin, duk 'yan gindin dogon-yaro. Alhaji ya matso har Na'Allah na jin ƙamshin turarensa, ya ɗaga hannu ya ce, "Yatsa nawa?" Na'Allah ya ga inuwa kawai. Ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Inna lillahi," in ji Alhaji. Bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi sauƙi. Aka hau babur aka ɗauko kwalaben daga gida, aka tarar kowace an sha rabinta, ba mai iya cewa ga wadda aka taɓa. Alhaji ya sa aka mai da taki mota, ya ce a jira mako ya cika. Ya ciro kuɗin mota ya ba Na'Allah, ya sa wani ya riƙe masa hannu zuwa titi. Hanyar da ya shekara biyu yana bi shi kaɗai, ranar da jagora ya bi ta.

Kwana biyar ya yi a gida, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai ya ce 'yan sanda ne. Inno ba ta yi masa gori ba, ta dai rage awon tuwo ba tare da ta faɗa ba. Ranar Laraba Kamilu ya yi sallama, fuskarsa cike da fara'a. Albasa lafiya lau, ya ce, kore shar, ko ganye ɗaya bai yi rawaya ba, ƙwari ma sun mutu. Mai koren murfin ya ɗauka. Ya sauke rabin buhun gero daga bayan babur, ya ce Alhaji na gaisuwa, ya ce samun mai amana irinsa sai an tona, ya ce kuma ya zauna ya huta hakanan, ya yi wa duniya aiki.

Inno ta juya ta shige ɗaki. Na'Allah ya yi godiya, ya yi addu'a, ya raka Kamilu ƙofa. Da ya dawo ya zauna kusa da buhun ya dafa shi. Shekara arba'in da ɗaya yana shigo da hatsi gidan nan, wannan ne na farko da bai yi gumi a kansa ba.

Washegari ya yi takunsa ɗari uku da goma ya tsaya gaba da kowa. Labari ya riga shi zuwa. Mutanen da suke ture shi da kafaɗa jiya, yau gaishe shi suke da ƙarfi kamar kurma, wani har da jawo masa benci. Mota ta farko ta tsaya, aka ce "kai", ya taka ya kama ƙarfe. Direba ya ce a hankali, "Ba kai ba, Baba. Na bayanka." Ta biyu ma haka. Ta uku ko takawa bai gama yi ba wani saurayi ya riƙe masa riga, wai kada mota ta taka shi. Ya tsaya har rana ta take, har waɗanda ba a ɗauka ba suka watse.

A makon ƙarshe na aikin Khadija ƙidaya ta iso unguwarsu, gidansu ya faɗo cikin waɗanda za ta shiga. Ta yi ta kewaye shi har ya zama na ƙarshe. Ta zauna a bakin tabarma da wayar a hannu, muryarta irin ta aiki.

"Baba, cikin kwana bakwai da sunka wuce, ka yi aikin da anka biya ka, ko na sa'a guda?"

"A'a."

"Ka hita nema?"

"Kullum. Tambayi iccen bakin titi."

Ya san tambayar da ta rage, ita ta koya masa.

"In an samu aikin, kana iyawa?"

Ya miƙa mata hannayensa biyu, masu kanta kamar bayan kunkuru. "Waɗanga ba su makance ba. A aza ni bakin hwangali a gani." Muryarsa ta faɗi ƙasa. "Ɗiyata, kada ki sa ni gida na ukku."

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta danna, ta ce, "Marar aiki, Baba. Na sa ka marar aiki."

"Alhamdu lillahi," in ji Na'Allah.

Da asuba bayan ya dawo masallaci, Inno ta dama rini a murfin gwangwani ta shafa masa a gemu da tsinke, tun da shi madubi ya daina yi masa amfani. Ya saɓa fartanya ya fita yana ƙirga taku. Har yau in ka bi titin nan da sassafe za ka gan shi gaba da kowa, kunnensa a karkace wajen motoci, da an ce "kai" sai ƙafarsa ta motsa.